Ƙarfin Damtsenka Aro Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku 'yan'uwa Musulmin Bangi da sauran ƙasar Mariga, ku ji tsoron Allah, ku yi tunani cikin halittar jikinku. Suratul Mu'minun ta ambaci yadda Ubangiji ya lulluɓe ƙashi da nama. Manomin da ya wuni yana huɗar masara, da mahaucin da ke kayar da bajimi, shin sun taɓa tambayar abin da ke cikin naman nan?

Jikin mutum na da tsoka fiye da 600. Wanda ya taɓa cin dambun nama ya ga yadda tsoka ke rabuwa zare-zare. Kowane zaren da ido ke gani dami ne na wasu zaruruwa, cikinsu kuma akwai waɗanda suka fi su siranta, an jera su gaɓa-gaɓa. Gaɓar nan masana ke kira sakomiya. Kimanin 400 ke shiga tsawon milimita guda. A kowace gaɓa akwai sili iri biyu: mai kauri, mayosin, da siriri, aktin.

A 1954 masana Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, da kuma Hugh Huxley da Jean Hanson, suka bayyana cewa idan tsoka ta tsuke, silin nan biyu ba sa gajarcewa. Shigewa juna suke yi. Idan ka yi niyyar ɗaga fartanya, saƙo ya bi jijiya, tsoka ta saki sinadarin kalsiyam daga ma'ajinta, wuraren kamawa na jikin aktin su buɗe. Nan take kawunan mayosin su kama, su ja, su saki, su sake kamawa gaba, kamar hannuwan mai jan guga a bakin rijiya. Ba da saninka ake wannan aiki ba, ba ka kuma taɓa biyan ko sisi ba.

Ku saurara da kyau, bayin Allah. Kan mayosin ba ya iya sakin abin da ya kama sai ya sami makamashin da ake kira ATP, wanda jiki ke sarrafawa daga abinci da iskar da muke shaƙa. Ashe ko sakin hannu ni'ima ce! Ranar da numfashi ya tsaya, makamashin ya ƙare, kawunan nan su riƙe ba saki, gawa ta sandare cikin 'yan sa'o'i. Masu wankan gawa sun san haka, shi ya sa suke miƙe gaɓoɓin mamaci tun da wuri.

Kai mai taƙama da ƙwanji, kana dukan matarka, kana cin iyakar gonar maraya, kana ɗaukar makami a kan ɗan'uwanka: da ƙarfin wa kake yi? Kai mai dunƙule hannu da zakkar hatsi, sake ta yau, tun yatsunka na buɗuwa. Ka yi ruku'u da sujada tun gwiwa na lanƙwasuwa. Ka taya dattijon unguwarku noma, ka ɗauke wa mahaifiyarka tulu, ka nemi halal da gumin goshinka.

Allah ya sa mu kashe ƙarfinmu cikin biyayyarsa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu cika da imani. Amin.