Wa Za Ya Ciyad Da Mai-tsaro?

Karatu: Ezekiel 33:1-9.

Yawancinmu da mu ke karanta wannan jarida ba mu taɓa ganin teku ba, sai ko waɗanda aiki ko makaranta ta kai su Ikko. Duk da haka a wannan wata muna so mu kai ku bakin teku a ƙasar Amurka, gama akwai wata gardama da aka yi shekaru ana yi a can a kan waɗansu 'yan kuɗi, ita ce kuwa ta sa muka koma ga wannan sura muka ga abin da ba mu lura da shi ba a dā.

Ku tuna da abin da ke cikin surar. Ubangiji ya ba annabi misalin ƙasar da yaƙi ke tafe mata. Mutanen ƙasar suka zaɓi ɗaya daga cikinsu, suka sa shi tsaro da ƙaho a hannunsa. Idan ya hangi maƙiya ya busa, wanda ya ji ya gudu ya tsira. Wanda ya ji ya yi kunnen ƙashi, alhakin ransa yana wuyansa. Idan kuwa mai-tsaron ya gani ya yi shiru har aka kashe mutum, shi ne Allah za ya tambaya. Mun sani ainihin maganar a kan rayukan mutane ta ke, da nawayar da ke bisa mai-wa'azi, shi ya sa a kan karanta ta ranar naɗa fasto. Amma ku lura da abu ɗaya. Ba daga sama aka sauko da mai-tsaron nan ba, mutanen gari ne suka sa shi. Mutumin da ya wuni a kan ganuwa kuwa bai je gona ba ran nan, ga shi matarsa da 'ya'yansa za su ci tuwo da dare. Lalle akwai wanda ya ke auna masa hatsi.

To, ga labarin Amurka. Lokacin zafinsu, watau daga Yuni zuwa Agusta, mutane kan fita dubbai bisa dubbai da iyalinsu zuwa bakin teku da bakin manyan tafkuna biyar na arewacin ƙasar, su wuni suna wanka da iyo. Maƙiyin da ke jiransu a can ba ya zuwa da doki ko mashi. A ɗaruruwan tsofaffin garuruwansu, har da Niyu Yok, magudanar ruwan sama da ta bayan gida ɗaya ce a ƙarƙashin ƙasa. In an yi ruwa mai-yawa magudanar ta kan cika ta tumbatsa, ƙazantar ta tafi kogi da teku ba a tace ta ba. Ga kuma kashin dabbobi da na tsuntsaye da ruwa ke sharowa daga tituna da gonaki. Wanda ya yi iyo cikin irin wannan ruwa ya kan samu gudawa da amai, ko ciwon kunne, ko na ido, ko ƙuraje. Yara sun fi kamuwa, gama su ne su ke haɗiyar ruwan. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai bai san kome ba, domin ruwa ya kan yi garau alhali kuwa cike ya ke da cuta.

A shekarun 1987 da 1988 teku ta yi ta amayo shara a gaɓar jihohin Niyu Jasi da Niyu Yok, har da allurai na asibiti, aka rufe wuraren wanka da yawa. Wannan kam ido ya gani, mutane suka firgita, suka soma tambaya a kan abin da ido ba ya gani. Sai aka tarar kowace jiha da nata hali: wata tana auna ruwa kullum, wata jefi-jefi, wata kuwa ko ta auna ba ta faɗa wa kowa. Aka yi ta ja har ran 10 ga Oktoba, 2000, sa'ad da Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da su ke kira BEACH. Wanda ya kai ta gaban majalisa, Brian Bilbray, ya taɓa zama magajin garin Imperial Beach a jihar Kalifoniya, gari ne a kan iyaka da Meksiko inda ƙazantar kogin Tihuwana ke fita teku. Ya san abin da ya ke magana a kai. Dokar ta ce gwamnatin ƙasa, ta hannun hukumarta ta kiyaye muhalli, EPA, za ta riƙa ba jihohin bakin ruwa kuɗi domin abu biyu: su auna ruwa, su kuma sanad da jama'a.

Aikin kansa ba shi da wani kwarjini. Da sassafe ma'aikaci, irin duba-garinmu, ya kan shiga ruwa har gwiwa ko ƙugu, ya cika kwalba mai-tsabta, ya sa ta cikin akwatin ƙanƙara, ya hanzarta zuwa ɗakin awo. Can a ke neman waɗansu ƙwayoyi masu-zama cikin hanjin mutum da dabba, enterokokai a ruwan gishiri, ikolai kuma a ruwan tafki. Galibi ba su ne ke kawo ciwon ba. Kamar sawu su ke a bakin garke: ba sawun ke cin akuya ba, amma ya nuna kura ta zo. A jihohi kamar Niyu Jasi da Kalifoniya, in enterokokai sun wuce 104 cikin mililita 100 na ruwa, watau wajen rabin kofin shayi, sai a kafa allon gargaɗi a bakin ruwa, a sa labarin a intanet, in abin ya yi tsanani a rufe wurin. Wannan ne ƙahonsu. Bisa ga tsohuwar hanyar awo sai an ajiye ruwan cikin ɗumi wajen kwana ɗaya tukuna a iya ƙirga ƙwayoyin, sabili da haka gargaɗin yau labarin ruwan jiya ne. Domin wannan ne ma'aikatan lafiya na Los Anjalis su kan ce kada a shiga teku sai bayan kwana uku da yin ruwan sama, ko da allo ko babu.

Nawa ne hatsin wannan mai-tsaro? Dokar ta yarda a ba da har dala miliyan 30 a shekara, amma abin da majalisa ta riƙa sakewa tun daga 2002 wajen miliyan 10 ne. A 2024 ma bai cika goman ba. Ana raba shi tsakanin jihohi 30, da yankuna 5, da waɗansu kabilu na asalin ƙasar. In aka kasa shi bisa kan mutanen Amurka, da su ke fiye da miliyan 330, kowa ya biya senti 3 ke nan a shekara, dala ɗaya kuwa senti 100 ce. Duk da haka a 2012 gwamnatin Shugaba Obama ta kawo kasafin kuɗi wanda ya soke wannan taimako ɗungum. A 2017 gwamnatin Shugaba Trump ta nemi haka nan. Jam'iyyunsu ba sa ga maciji da juna, amma a kan wannan bakinsu ya zo ɗaya. Sau biyun nan majalisa ce ta ƙi, ta mayad da kuɗin.

Kada mu yi saurin kiran masu-son sokewa miyagu. Hujjarsu ita ce, an riga an koya wa jihohi aikin, ya kamata yanzu kowace ta ɗauki nauyin kanta, baitulmalin ƙasa kuwa bashi ya yi masa yawa. Magana ce da mai-hankali za ya saurara. Jihar da ke da wadata za ta iya. Amma wadda aljihunta ya ke a matse, me za ta rage? Kwalabe za ta rage. Inda a ke awo kowane mako ya koma sau ɗaya a wata, gaɓar da talakawa ke zuwa a bar ta, a riƙe wadda ke kawo baƙi masu-kuɗi.

A nan ne zuciyarmu ta tsaya. Annabi ya faɗi hali uku: wanda ya ji ya tsira, wanda ya ji ya ƙi, da mai-tsaron da ya yi shiru. Akwai na huɗu da bai ambata ba, watakila domin ba a taɓa zaton masu-hankali za su yi shi ba. Shi ne dattawan gari su zauna su duba rumbu, su ce shekara goma ke nan ba a kawo mana hari ba, mutumin nan yana cin hatsi a banza, a sauko da shi. Amma ba su yi shela ba. Mutane suka ci gaba da kwana da ƙofa a buɗe, suna cewa tun da ba mu ji ƙaho ba, lafiya ne. Ran da maƙiya suka shigo, wa za a tambaya? Ba mai-tsaro ba, yana gonarsa. Ba wanda aka kashe ba, bai ƙi jin kome ba.

Haka bakin teku ya ke. Gaɓar da aka auna aka tarar da ita da tsabta, da gaɓar da ba wanda ya auna, kamanninsu ɗaya ne: babu allo a wannan, babu a waccan. Uwa ta zo da ɗanta, ta duba ba ta ga gargaɗi ba, ta sake shi. Bayan kwana biyu, suna gida nesa da teku, yaro ya kama gudawa. Za ta ce wani abinci ne ya ci. Mu da mun ce haƙori ne. Ba wanda za ya rubuta wannan ciwo a kan sunan wanda ya soke kuɗin. Abin da ya sa irin wannan kuɗi ke da sauƙin yankewa ke nan: amfaninsa ciwon da bai faru ba ne, wanda bai yi ciwo ba kuwa ba ya zuwa godiya. Shari'ar Musa ta hana a sa abin tuntuɓe a gaban makaho, ta kuma haɗa wannan da tsoron Allah (Levitikus 19:14), gama makahon ba za ya san wanda ya yi masa ba. A gaban ruwa dukanmu makafi ne.

Akwai kuma jarabar da ta fi rowa, watau son kada a sani. A 2022 hukumar yankin San Diyego, inda Imperial Beach ya ke, ta soma aiki da sabuwar hanyar awo mai-ba da amsa a ranar, mai-gani kuma fiye da ta dā. Nan da nan rufe gaɓa ya ƙaru ana tsakiyar lokacin baƙi, waɗansu shugabannin garuruwan bakin tekun suka yi gunaguni a kan awon. Ba mu raina damuwarsu ba, gama masu-masauki da masu-sayad da abinci da yawa a kan baƙin nan su ke ci. Amma ruwan bai ƙara ƙazanta domin an sake ma'auni ba. Mun tuna da Ahab, wanda ya tara annabawa wajen 400 masu-faɗa masa abin da ya ke so, ya ƙi jinin Mikaiya shi kaɗai domin ba ya kawo masa labari mai-daɗi (I Sarakuna 22). Kulle Mikaiya a kurkuku bai kauda kibiyar ba.

Sai dai kada mu ɗora wa ƙaho abin da ba aikinsa ba. Ƙaho ba ya korar maƙiyi. Gaɓar da ke dab da iyakar nan ta Meksiko an rufe ta a Disamba 2021, ta kuwa wuce kwana 1,000 a jere a rufe har cikin 2024. An auna, an yi gargaɗi, yaran garin sun tashi suna kallon teku ba su iya shiga. Ruwa ba ya tsami banza: garin Tihuwana ya yi girma fiye da magudanansa, wurin tace ƙazanta na gefen Amurka kuma an bar shi ya lalace. Gyaran wannan na ɗaruruwan miliyoyi ne. Allah da ya umurci Isra'ila su keɓe wuri a bayan zango, kowa kuma ya riƙe abin tona rami ya binne ƙazantarsa (Kubawar Shari'a 23:12-14), bai ga wannan magana ta yi ƙanƙanta da za a rubuta ta cikin Littafinsa ba. Amma da ba don kwalaben nan ba, da ba wanda ya ke da shaidar da za ya kai gaban masu-mulki ya nemi gyara.

Wani manomi a tsakiyar Amurka, wanda shi ma kamar mu bai taɓa ganin teku ba, ya iya cewa, ina ruwana da wankan waɗansu? Bulus ya amsa masa cikin Romawa 13, inda ya nuna dalilin biyan haraji: masu-mulki ma'aikatan Allah ne da aka sa domin amfanin jama'a. Maganar nan kaifi biyu gare ta. Ta ɗaure mai-bi ya biya senti ukunsa ba da gunaguni ba domin ɗan wani da ba za ya taɓa gani ba. Ta kuma ɗaure mai-karɓa, gama ma'aikaci yana da Ubangida, za ya kuwa ba da lissafi. Mai-bi yana da iko ya tambayi wakilinsa, cikin ladabi, ina aka kai hatsin mai-tsaro.

Mu nan ba mu da teku, amma muna da kududdufi da rafi da dam. Mun san tsargiya, wadda yaranmu ke ɗaukowa wajen wanka a ruwan da dodon-koɗi ke ciki, har a waɗansu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini kamar alamar yaro ya girma. Ba allo a bakin waɗannan ruwaye. A cikinsu kuma ekklesiyoyi da yawa su ke yin baftisma. Muna roƙon dattawan kowace ekklesiya, kafin baftisma ta ƙarshen damina, su aiki mutum biyu wurin ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukumarsu, su tambaya ko an taɓa duba ruwan da a ke shiga, in ba a taɓa ba kuma, nawa ne kuɗin dubawa, wa ya kamata ya biya. Waɗanda ke da 'ya'ya ko jikoki a Amurka, in kun yi magana da su, ku gaya musu su duba allo kafin su sa yara cikin ruwa, su kuma dakata kwana uku bayan ruwan sama.