Shin Kyauta Tana Biyan Bashin Haƙƙi?

Masu iya magana na cewa alheri gadon barci ne. To amma akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai: idan mutum ya tauye haƙƙin wani ya tara dukiya, daga baya ya ɗauki dukiyar nan ya rarraba wa jama'a, shin alherin nasa ya wanke shi? Tarihin wani attajirin Amurka mai suna Andrew Carnegie ne ya jefa ni cikin wannan tunani, kuma ina ganin ya dace mu duba shi tare, musamman mu da littafi ya zame wa abokin rayuwa.

An haifi Carnegie a shekarar 1835 a garin Dunfermline na ƙasar Sikotlan. Mahaifinsa masaƙi ne, injinan saƙa suka zo suka kashe masa sana'a, sai iyalin suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1848. Yana ɗan shekara 13 ya fara aiki a masaƙa, ana biyan sa dala 1.20 a mako. A lokacin ne wani dattijo, Kanar James Anderson, ya buɗe wa yara 'yan ƙwadago ɗakin littattafansa, suna ara suna karantawa. Wannan karamci bai taɓa fita daga zuciyar yaron ba.

Yau da gobe, yaron nan ya zama sarkin ƙarfe na Amurka. A 1889 ya wallafa maƙala inda ya nuna cewa attajiri mai riƙon amana ne kawai, kuma abin kunya ne mutum ya mutu ya bar tulin dukiya bai amfanar da jama'a ba. Bai tsaya ga faɗa da baki ba. A 1901 ya sayar da kamfaninsa ga babban mai banki J. P. Morgan a kan dala miliyan 480, kuma kafin rasuwarsa a 1919 ya kyautar da kimanin dala miliyan 350. Ɗakunan karatu sama da 2,500 aka gina da kuɗinsa.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce madalla. Sai dai akwai abin da ya faru a garin Homestead, kusa da birnin Pittsburgh, a 1892. Kamfanin ya ƙudiri rage ladan ma'aikata da karya ƙungiyarsu ta ƙwadago, alhali Carnegie da kansa ya taɓa rubuta cewa ma'aikata suna da 'yancin kafa ƙungiya. Ya tafi hutu Sikotlan, ya bar ragama a hannun Henry Clay Frick. Frick ya rufe masana'antar, ya yi hayar masu gadi ɗauke da bindigogi wajen 300 daga kamfanin Pinkerton. Ranar 6 ga Yuli aka gwabza, aka rasa rayuka daga ɓangarorin biyu. Gwamnatin jiha ta turo dakaru, ƙungiya ta wargaje, mutane da yawa suka ci gaba da aikin awa 12 a bakin wuta. Bayan shekara shida, a 1898, aka buɗe katafaren ɗakin karatu na Carnegie a garin.

Wani zai ce ai ba a mugun sarki sai mugun bafade, laifin na Frick ne. Ni ban yarda ba. Bafade ba ya zare takobi sai ya san ran sarki, kuma wanda ya ci ribar aiki shi ke da alhakinsa, ko yana gida ko yana bayan teku. Wani kuma zai ce a auna mana: mutum nawa aka cuta, mutum nawa suka ƙaru? Lallai miliyoyi sun yi karatu a ɗakunan nan, wannan ba abin musu ba ne. Amma haƙƙi ba hatsi ba ne da za a zuba a mudu ɗaya da kyauta a ga wanda ya rinjaya. Kyauta ganin dama ce, mai ita ke zaɓen wanda zai ba da lokacin da zai bayar, har a rubuta sunansa a jikin gini. Haƙƙi kuwa bashi ne, mai shi sananne ne, kuma ba a biyan Audu bashinsa ta hanyar yi wa Tanko kyauta. Wanda ya yini awa 12 yana narka ƙarfe, yaushe ya ga lokacin buɗe littafi?

Su kansu Amurkawa sun yi wannan muhawara. A 1905 wani malamin coci, Washington Gladden, ya nemi cocinsu ta ƙi karɓar dala 100,000 daga attajirin man fetur John D. Rockefeller, don a ganinsa kuɗin ba su da tsabta. An dai karɓa. Ni ma ba zan ce a rushe ɗakin karatu ba, domin littafi bai yi wa kowa laifi ba. Abin da nake ƙi shi ne a bar ginin ya rufe mana ido daga kabarin ma'aikaci.

A ganina, ba a ranar rabon kyauta ake gane halin mai dukiya ba, don ranar kowa na kallo, kowa na tafi. Ana gane shi ne ranar da ya zauna da wanda ba ya da ikon ce masa a'a.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, mu yi hattara. Sau da yawa attajiri a labaranmu ko dai azzalumi ne tsantsa ko kuwa mutumin kirki marar aibi. Carnegie ya nuna mana cewa zuciya ɗaya tana iya ɗaukar tausayin yaro mai neman littafi da kuma taurin kai ga uban yaron mai neman ƙarin lada. In mun tashi rubuta irinsa, mu rubuta ɗakin karatun, mu kuma rubuta ranar 6 ga Yuli.