Jinin Ɗanki a Hannun Masu Bincike

Akwai wata tambaya da ba ta iso ƙofar yawancinmu ba tukuna, amma tana tafe. A ce wata uwa a Yankwashi tana da yaro ɗan shekara huɗu wanda bai taɓa takawa ba, yana kuma yawan suma. An kai shi babban asibitin Kazaure, aka tura su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka yi ta awo, ba a sami sunan ciwon ba. Sai likita ya ce akwai masu bincike da ke neman ɗan jinin yaron da na iyayensa, domin a karanta ƙwayoyin gadonsu da na'ura mai ƙwaƙwalwa, a kuma ajiye sakamakon don amfanin waɗansu. Shin ya dace ta yarda?

Bari mu fara da aikin na'urar. Gadon da kowa ya karɓa daga uwa da uba a rubuce yake cikin jikinsa da haruffa iri huɗu kacal, jerinsu kuwa ya kai kimanin biliyan 3. Tsakanin kowane mutum da kwafin da masana ke awo da shi akwai bambanci a wurare miliyan 4 zuwa 5, kusan dukansu marasa illa. Mai jawo ciwon yana iya zama harafi ɗaya tak, ba kuwa idon da zai tsinto shi. Sai kwamfuta ta yi tankaɗe: ta zubar da duk bambancin da aka saba gani a jikin masu lafiya, ta gwada ragowar da na uba da na uwa, har abin ya ragu zuwa 'yan kaɗan da likita zai zauna ya duba.

Rariyar wannan tankaɗe ita ce taskar bayanan mutanen da aka riga aka karanta, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Wani ƙidaya na 2019 ya nuna cewa kashi 78 cikin ɗari na waɗanda suka shiga manyan binciken ƙwayoyin gado 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa wajen kashi 2. Abin da yake ruwan dare a jinin Bahaushe ko Bafillace, na'ura za ta iya ɗaukarsa baƙo, ta ɗora masa laifi. Hakan ya faru a Amurka, inda wani bincike na 2016 ya gano an gaya wa waɗansu baƙar fata suna ɗauke da gadon wani ciwon zuciya, alhali bambancin nasu ba ya cutarwa. Da masanan shirin H3Africa suka karanta gadon mutum 426 daga ƙasashen Afirka 13, har da Birom na Filato, suka wallafa a 2020 cewa sun ga bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Watau hanawa ma tana da nata tsada, gama yaron Gwiwa ko na Roni da za a haifa gobe da irin ciwon nan zai tarar da rariyar babu shi a ciki.

Duk da haka, wanda ya ce tsoron mutanenmu jahilci ne bai san tarihin ƙasar nan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka daidaita da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da ake ambata a majalisu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Katekism na Ekklesiya Katolika na 1992 ya koyar cewa binciken kimiyya a kan mutum na iya zama taimako ga marasa lafiya, amma bai dace da mutuncin ɗan Adam ba in an yi shi ba da yardar mai shi ko mai tsaya masa ba, yardar da ta biyo bayan cikakken bayani. Dangwala yatsa a takardar Turanci, ga yaro yana kuka a baya, wannan ba yarda ba ce. Bayanin gado kuma yana da wani nauyi da awon zazzaɓi ba shi da shi, domin ba na yaron kaɗai ba ne. Yana faɗin wani abu game da ƙannensa mata da ba su yi aure ba, yana iya tona wane ne uban yaro, kuma a ƙauye magana ba ta kwana. Uwar da ta ce "na yarda" ta yi magana ne da bakin dangi duka. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanin gado cikin masu buƙatar tsaro na musamman, sai dai mutum nawa ne a Babura suka san da ita?

Sauran batun wa zai ci moriya. Sikila ta ishe mu misali. A Amurka ana lissafa ta cikin cututtukan da ba safai ake gani ba, masu ita kimanin 100,000 ne, a Nijeriya kuwa jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita kowace shekara. A Disamba 2023 Amurka ta amince da Casgevy, magani mai gyara ƙwayar gado, aka sa masa kuɗi dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Wane gida ne a ƙasar Kazaure zai ji wannan lissafi bai yi shiru ba?

Ni dai a ganina uwar nan ta bayar, gama ba da jini don a warkar da ɗan wani aikin ƙaunar maƙwabci ne. Amma kada ta bayar a tsaye, kada kuma ta bayar ita kaɗai. A zauna da ita da mijinta, a yi bayani da Hausa, da wani amintacce a gefe, ko nas ɗin da ta sani ko katikis. Ta tambayi inda za a kai jinin, da wanda zai riƙe sunansu, ko za a sayar da bayanin, ko za ta iya janyewa in ta sake shawara, ko kuma za a komo a gaya mata abin da aka gani. Mai binciken da ya ƙosa da waɗannan tambayoyi, a sallame shi. Wanda ya amsa kuma, wajibi ne ya faɗa mata tun da fari cewa ko a ƙasashe masu kayan aiki, yawanci waɗanda ake gano wa sunan ciwonsu ba su kai rabi ba, kuma mafi yawan cututtukan nan, ko an san sunansu, har yanzu ba su da magani.