Bayan Ruwa Ya Janye

Karatu: Ayyukan Manzanni 11:27-30, 2 Korintiyawa 8:16-24, Luka 10:30-37



Na san ba ka manta da wayewar garin 10 ga Satumba, 2024 ba. A daren ne madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya cika Maiduguri mutane suna barci. Ya shiga Gwange da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a. Ya rushe katangar gidan yari, ya kwashi kadoji da macizai daga gidan namun daji ya kai su cikin unguwanni. Sama da mutum 400,000 suka bar gidajensu. Tsofaffin garin sun tuna cewa haka ta faru a 1994, shekara 30 cif kafin wannan.

Cikin kwanaki kaɗan agaji ya fara isowa. Hukumar NEMA ta zo, Red Cross ta zo, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta dafa abinci a sansanoni, Gidauniyar Dangote da wasu attajirai suka ba da gudummawa mai yawa. Aka kawo shinkafa, barguna, gidan sauro da magani. Rayuka da yawa sun tsira ta wannan hanya.

To, mene ne matsayinka a wannan al'amari, kai mai bi? Na ji wasu 'yan'uwa suna cewa, "Ai wannan aikin gwamnati ne da masu kuɗi, namu addu'a." Na kuma ji wasu suna cewa gidauniyoyin nan neman suna kawai suke yi. Bari mu buɗe Maganar Allah mu gani.

A Antakiya, wani annabi mai suna Agabas ya tashi cikin ikon Ruhu Mai Tsarki ya faɗi cewa babbar yunwa tana zuwa. Mu masu ƙaunar annabci, mu lura da abin da ya biyo baya. Ikkilisiya ba ta tsaya ga tafi da ihun Haleluya ba. Kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, aka tara, aka zaɓi Barnaba da Shawulu su kai wa dattawan ikkilisiya a Yahudiya. Akwai masu bayarwa, akwai asusu, akwai amintattun masu kaiwa, akwai masu rabawa a can. In ka duba da kyau, wannan shi ne tsarin da gidauniya take bi har yau. Ruhun da ya ba da annabcin, shi ne ya ba da tsarin.

Me ya sa ake bukatar tsari? Domin tausayin mutum ɗaya ba ya iya ciyar da unguwa. Kai kana iya ɗaukar kwano ɗaya ka kai wa maƙwabcinka, amma ba ka da jirgin ruwa, ba ka da rumbun ajiya, ba ka da likitoci. Gidauniya mai kyau takan ajiye kaya tun kafin masifa ta zo, kamar yadda Yusufu ya tara humushin amfanin gonar Masar a shekaru bakwai na ƙoshi. Takan rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa gida-gida domin kada wani ya samu sau uku, wani kuma ya kwana da yunwa. Takan zuba magani a ruwan sha, domin bayan ambaliya masai da rijiya sukan haɗu. Ka tuna, a watan Oktoba na shekarar aka tabbatar da ɓullar kwalara a Borno. Saboda haka kada ka raina su. Ko mai gidauniyar Kirista ne ko ba Kirista ba, in ya ciyar da mayunwaci, ka gode wa Allah wanda ya motsa zuciyarsa, kamar yadda ya motsa zuciyar Sairus sarkin Farisa ya taimaki mutanensa.

Amma inda akwai kuɗin agaji, akwai jaraba. Manzo Bulus ya san wannan. Lokacin da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe jakar shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu, domin kada wani ya sami abin zargi. In manzo bai ji kunyar a sa masa ido ba, wane ne mu? Gidauniyar da ba ta so a tambaye ta nawa ta karɓa, nawa ta raba, ka yi hattara da ita. Kwamitin ikkilisiyar da mutum ɗaya ke karɓa, shi ke ƙirgawa, shi ke rabawa, yana kan bakin rami.

Bari in taɓa inda yake da ciwo. Na taɓa zama a wurin da ake rubuta sunaye domin rabon tallafi, na ga mutumin da ruwa bai taɓa ƙofar gidansa ba ya sa sunansa, da na matarsa, da na ƙaninsa. Ran Lahadi kuwa yana gaba-gaba wajen ɗaga hannu. Ɗan'uwa, buhun da ka karɓa ba naka ba ne, na gwauruwa ne da take kwana a ajin makaranta da 'ya'yanta. Wannan sata ce, ko da an kira ta dabara. In ka taɓa yi, ka tuba, ka mayar. In kai ne mai riƙe da takarda, kada ka tsallake sunan mutum domin ba majami'a ɗaya kuke zuwa ba, ko domin masallaci yake zuwa. Ruwa bai tambayi addinin kowa ba kafin ya shiga ɗaki.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi a zuciyata. A labarin Basamariye, mukan tsaya a kan mai da ruwan inabin da ya zuba a raunukan mutumin. Wannan shi ne agajin gaggawa. Amma washegari ya ba mai masauki dinari biyu, ya kuma yi alkawari zai komo ya biya duk abin da aka ƙara kashewa. Ya san rauni ba ya warkewa a dare ɗaya.

Haka bala'i yake. Makonnin farko akwai 'yan jarida, akwai manyan motoci, akwai jawabai. Bayan wata uku, hankalin duniya ya koma wani wuri. A lokacin ne ainihin wahala take farawa. Ginin ƙasa ya zube. Tela ya tarar da kekensa ya yi tsatsa. Mai tuyar ƙosai ta cinye jarinta. Manomi ya rasa amfanin gona har da irin baɗi. Takardun makarantar yara sun narke. Bargo ba ya maganin waɗannan. Gidauniyoyi masu hangen nesa sukan koma ga ba da jari, da iri, da kwanon rufi, da kuɗin makaranta. Amma kuɗin irin wannan aiki ya fi wuyar samu, domin mutane sun fi bayarwa lokacin da suke ganin hoton ruwa. Kuma kowace gidauniya tana da ranar da za ta rufe aikinta ta tafi. Ba a daɗe ba ma, a ƙarshen Mayu 2025, ambaliyar Mokwa a Jihar Neja ta ci rayuka sama da 150, hankali ya koma can.

Wa zai rage? Kai ne. Ikkilisiya ce ba ta da ranar tashi daga unguwa. Kai ka san gwauruwar da kunya ta hana ta shiga layi. Kai ka san dattijon da ba ya iya tafiya zuwa wurin rabo. Kai ka san yaron da har yanzu yake firgita in hadari ya haɗo. Ma'aikacin gidauniya baƙo ne, ɗan gari kuwa shi ya san lungu. Ka zama idonsu da ƙafarsu lokacin da suke nan, ka kuma ci gaba bayan sun tafi.

Kada ka ce ba ka da komai. Masu bi na Makidoniya cikin tsananin talauci suke, duk da haka suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu. Ya kuma shawarci Korintiyawa su riƙa ware wani abu kowace ranar farko ta mako, kada sai bukata ta zo a fara kame-kame. Da sanyin safiya ake kama fara.

Abin yi a wannan mako: Ka ware wani abu, komai ƙanƙantarsa, domin asusun agaji na ikkilisiyarka. In babu asusun, ka yi wa fasto da dattawa magana a kafa, da mutum biyu ko uku masu lura da shi. Sa'an nan ka nemi iyali ɗaya da ruwa, gobara ko rikici ya taɓa shafa, waɗanda an daina tambayar lafiyarsu. Ka je da ƙafarka, ka zauna, ka ji abin da ya rage musu.

Addu'a: Ya Uba, na gode maka domin kowane hannu da ka aika ya ceci mutane a ranar masifa. Ka albarkaci masu aikin agaji, ka tsare su daga haɗama da son kai. Ka gafarta mini inda na ga bukata na ratse ta gefe, da inda na karɓi abin da ba nawa ba. Ka cika ni da Ruhunka, ka ba ni zuciyar da take komowa bayan kowa ya watse. A cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.