MARIRI DA MAKIYAYI: WA KE DA HAKKIN JEJI?

Wanda ya bar birnin Njamena ya nufi gabas, ya bi ta Ati zuwa Abeshe, yana kan tsohuwar hanyar da Hausawa suka daɗe suna bi zuwa Sudan. Da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Njamena yau jikokin matafiyan nan ne, waɗanda suka yada zango tun garin yana amsa sunan Fort Lami. Arewa da wannan hanya akwai wani makeken jeji mai yashi da ciyawa, inda Sahel ke haɗuwa da hamada. A shekarar 1969 gwamnatin Chadi ta keɓe shi domin namun daji, aka sa masa suna Wadi Rime da Wadi Ashim. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 78,000, wato ya ɗan fi Jihar Neja ta Nijeriya.

A cikin jejin nan ne mariri ya yi zamansa na ƙarshe. Naman daji ne fari, mai jan wuya da jan ƙirji, ƙahoninsa dogaye sun tanƙwara baya kamar takobi. Yakan yi watanni bai sa baki a ruwa ba, gama ɗanyar ciyawa da gunar jeji sun ishe shi. In damina ta faɗi sai ya bi ruwa ya yi arewa, in rani ya yi sai ya komo kudu. Buzaye a dā da fatarsa suke yin garkuwa. Har wajen tsakiyar shekarun 1970 ana ganin dubbai a Wadi Rime. Sai yaƙin basasa ya ɓarke, wanda ya ci Njamena kanta a 1979 da 1980, ga kuma yaƙi da Libiya, ga fari. Ma'aikatan gandun suka watse, motoci da bindigogi suka cika jeji. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ba a ƙara ganin ko ɗaya ba. A shekara ta 2000 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta sanar cewa mariri ya ƙare a jeji.

Abin da ya hana irinsa ɓacewa ɗungum shi ne, tun a shekarun 1960 an kama waɗansu kamar hamsin a Chadi aka kai gidajen namun daji na Turai da Amurka, suka yi ta haihuwa a can. A watan Maris na 2016 aka ɗauko guda 25 a jirgin sama daga Abu Dhabi aka sauke su a Abeshe, bisa yarjejeniya tsakanin gwamnatin Chadi da hukumar muhalli ta Abu Dhabi da ƙungiyar Sahara Conservation Fund. A watan Agusta aka buɗe musu shinge. Aka ci gaba da kawo waɗansu, suka hayayyafa, ko da yake cuta ta kashe da dama a 2018. Zuwa ƙarshen 2023 sun haura 600, har IUCN ta fitar da mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a jeji.

Labari ne mai daɗin ji. Amma mutumin Njamena yana da abin cewa, kuma bai kamata a toshe masa baki ba. Zai ce, ƙasar da yara ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro, ƙasar da ta karɓi dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira daga Sudan, ita ce za a riƙa sauke wa dabba a jirgin sama? Wane talaka aka taɓa ɗauka a jirgi don a ceci ransa? Zai kuma tuna da abin da ya faru a farkon 2009, sa'ad da gwamnati ta tsananta dokar hana gawayi don a tsare itatuwa. Niyyar mai kyau ce, amma wanda ya sha wuyarta ita ce matar da ba ta da kuɗin gas, wadda ta koma hura wuta da kashin shanu da ƙwallon goruba. Wanda ya ga haka yana da dalilin yin zargi duk lokacin da aka ce za a kiyaye jeji.

Tambayar ke nan: ya halatta a keɓe ƙasa domin dabba alhali mutum yana cikin rashi?

Amsa mai sauƙi iri biyu ce. Akwai masu cewa mutum ya fi dabba, saboda haka a bar mutum ya ci abin da ya samu. Akwai kuma masu cewa mutum shi ne mai ɓarna, saboda haka a kore shi a ja waya. Dukansu biyu sun ɗauka cewa makiyayi da mariri abokan gāba ne, sai ɗaya ya fita ɗaya ya zauna. Tarihin jejin bai goyi bayan wannan ba. Shekaru aru-aru makiyaya suna kiwon raƙuma a nan, maharba suna farauta da doki da raga da karnuka, mariri bai ƙare ba. Mai doki yakan gaji, dokinsa ma yakan gaji, ya ɗauki ɗaya ko biyu ya koma gida. Mota kuwa ba ta gajiya. Takan bi garke har numfashinsu ya ƙare, bindiga mai sarrafa kanta ta kwantar da su cikin 'yan mintoci. Mota da irin wannan bindiga kuwa kayan soja ne da na masu hali. Saboda haka wanda ya ce yunwar talaka ce ta cinye mariri ya ɗora wa talaka laifin wani.

Akwai kuma bambanci tsakanin hasarar da ake mayarwa da wadda ba a mayarwa. Gidan da ya rushe a yaƙin 1980 an sāke gina shi. Garken da fari ya kashe, in saniya ɗaya da bijimi sun ragu, a hankali yakan dawo. Amma in iri ya ƙare, duk arzikin man fetur na duniya ba zai sāke yin ko ƙaho ɗaya ba. Mutum yana iya kashe abin da ba shi da ikon halittawa, wannan kuwa ya isa ya sa shi tsoro. Da na sani ƙeya ce. Mariri ya dawo ne don an yi sa'a akwai saura a hannun waɗansu, ba kowace dabba ce ke da irin wannan sa'a ba. Mena, barewar nan da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ke amsa sunanta, 'yan kaɗan ne suka rage a jeji, a Chadi da Nijar.

Mai bi ba baƙo ba ne ga wannan tunani. A Littafin Farawa, aikin da aka fara ba mutum a gonar Aidan shi ne ya nome ta ya kuma kiyaye ta, kuma alkawarin da aka yi bayan ruwan tsufana ya haɗa da kowane mai rai da ya fito daga jirgin Nuhu. A Littafin Ayuba, sura 38, Ubangiji ya tuna wa Ayuba cewa yana sa ruwa ya zubo a jejin da ba kowa. Ashe akwai abin da ke da daraja a wurin Mahalicci ko da ba ya shiga tukunyar kowa. Amma wurin da ya fi dacewa da wannan magana shi ne Fitowa 23:10-11, inda aka umarci Isra'ila su bar gona ta huta a shekara ta bakwai, matalauta su ci abin da ya tsiro, namun jeji kuma su ci abin da ya ragu. Doka ɗaya ta tuna da su biyun, ta kuma sa matalauci a gaba. Wanda aka ce ya janye hannunsa shi ne mai gona.

In aka auna Wadi Rime da wannan mudu, akwai abin yabo. Ba a kewaye gandun da waya ba, ba a kuma kori makiyaya ba. Raƙuma da shanu suna kiwo a inda mariri ke kiwo. Amma zaman tare yana da farashi. Kowace sabuwar rijiyar burtsatse takan jawo garkuna su zauna wuri ɗaya duk shekara, ciyawar da dā take hutawa da rani sai ta ƙare. Gobarar daji takan cinye abincin dabbar gida da ta jeji gaba ɗaya. In aka ce kada a haƙa rijiya a wani wuri, makiyayi ne zai yi tafiya mai nisa da iyalinsa. Adalci ya nemi a zauna da shi kafin a yanke shawara, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kuma nemi ya ga amfanin gandun da idonsa: aiki ga 'ya'yansa, allurar rigakafi ga dabbobinsa, hanyar tare gobara. Ya kamata kuma a duba garken wane ne, domin ba kowane garke ne na mai korarsa ba. Waɗansu manyan garkuna na masu kuɗi ne da ke zaune a birni. Dokar da ta kama mai akuya goma ta kau da kai ga mai shanu dubu, zalunci ce ko da an sa mata sunan kiyaye halitta.

Akwai gargaɗi daga waɗansu ƙasashe. A Oman an mayar da ɗan'uwan mariri jeji a 1982, suka yawaita har wajen 450. Daga baya masu kamun sata suka rage su, gwamnati kuma ta yanke kashi 90 cikin 100 na gandun, inda ake neman mai, har UNESCO ta soke sunan wurin daga jerinta a 2007. A Nijar an keɓe Termit da Tin Tumma a 2012, amma a 2019 aka sāke shata iyakar gandun aka fitar da yankin da ake haƙar mai. A wuraren nan biyu, mai sa hannu a takarda a babban birni shi ya ja iyakar baya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka makomar mariri tana Njamena kamar yadda take a jeji. A birni ake ba da izinin haƙa, a birni ake karɓar kyautar ɗan barewa a ɗaure shi a tsakar gida don ado, a birni ake sayen ƙaho da fata da ƙwan jimina. Mai bi da ke aiki a ofis, ko yake sanye da kaki, ko yake da garke a hannun makiyayi, amana tana wuyansa. Ba a ce ya ƙaunaci dabba fiye da maƙwabcinsa ba. An ce ya san iyakar hannunsa, ya bar wa matalauci rabonsa, ya bar wa naman jeji nasa.

Yaron da aka haifa a Wadi Rime a 1990 ya girma yana jin labarin mariri a bakin kakansa kamar tatsuniya. Yau ɗansa yana kora raƙuma da asuba yana ganin fararen garke a kan tudun yashi. Ko jikansa zai gani, wannan ya rataya ga abin da masu iko da masu hali za su hana kansu.