Ki Tabbatar Kafin Ki Danna, 'Yar'uwa

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), nasiharmu ta wannan fitowa a kan wayar da ke hannunki ne.

Malaman tafsiri da dama sun kawo cewa Manzon Allah (SAW) ya aiki Walid bin Uƙba ya karɓo zakka a wurin Banu Musɗaliƙ, sai ya juyo daga hanya ya ce sun hana. Saura ƙiris a yaƙi Musulmi a kan labarin da ba haka yake ba. A nan ne aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta sauka, tana umurtar muminai da su binciki labari kafin su yi aiki da shi. To idan a Madina aka buƙaci bincike, ina ga saƙon da ya faɗo miki da tsakar dare daga lambar da ba ki sani ba?

Ga yadda abin ke faruwa a garin nan. Kina cikin aikin gida sai a kira ki, murya mai ladabi, har da sallama cikakkiya: "Hajiya, daga guruf ɗin Islamiyya ne, za mu yi taro ta waya bayan Isha'i, an turo miki lambobi shida, karanto mini in sa sunanki." Wallahi babu wani taro. Lambarki ya ɗauka daga guruf ya saka a wayarsa, shi ya sa WhatsApp ya aiko miki da lambobin ta saƙon tes don ya tabbatar ke ce. Kina karanta masa, kin miƙa masa makullin ɗakinki. Wata hanyar kuma shuɗin rubutun nan ne da ake dannawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ake ta yawo da su: tallafin gwamnati, jarin mata, datar kyauta ta azumi. Ki danna, ya kai ki shafi mai kama da na Facebook sak, ya ce ki rubuta lambar sirrinki, ko BVN, ko lambar katin banki. Banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirri, ko da mai kiran ya faɗi sunanki da na babanki daidai.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Ɓarawon nan da sunanki zai yi bara. Zai rubuta wa yayarki da ke Ƙofar Ƙaura cewa yaro na kwance a asibitin Turai, a taimaka da dubu ashirin kafin safe. Zai bi matan adashinku ɗaya bayan ɗaya. In kina sayar da atamfa ko turaren wuta, zai karɓi kuɗin masu saye su zo suna binki bashin da ba ki ci ba. Ga hotunan biki na 'yan'uwa mata babu lulluɓi da ke shigowa guruf, ga wanda zai rubuta wa maigida magana da bakinki. Duk wannan amanar mutane ce a wuyanki, kuma amana abin tambaya ce ranar gobe. Wasu kan ce ai abin da Allah Ya ƙaddara sai ya faru. Gaskiya ne, amma mai raƙumin nan da ya tambayi Annabi (SAW), ɗaurewa aka fara umurtarsa da ita tare da tawakkali, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

Ɗaure raƙuminki a nan ba wuya. Ki shiga saitin WhatsApp, sashen asusu, ki kunna tabbatarwa mai hawa biyu, ki zaɓi lambobi shida naki na kanki. Kada ki sa shekarar haihuwarki, kuma in yaro ne ya taya ki, ki karɓi wayar ki rubuta da hannunki. Duk wanda ya roƙe ki kuɗi a rubuce, ko mahaifiyarki ce, ki kira ta ki ji muryarta. Ki kuma duba sunan da ke kan asusun da aka turo. Galibi za ki ga wani suna ne can daban.

In kuwa an riga an shiga, kada kunya ta sa ki yi shiru. Ki gaya wa maigida nan take, ki kira shugabar guruf ta cire lambarki, a sanar da jama'a. Sannan ki sake shigar da lambarki a WhatsApp. Da zarar kin saka sabbin lambobin da za su zo miki, an fitar da shi. In ya riga ya kafa nasa kullen, za ki iya jiran kwana 7 kafin ki samu shiga. In kuɗi sun fita, banki za ki fara nufa, sannan ki kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, domin tun 2015 Nijeriya ke da dokar hukunta laifukan intanet.

Ku kuma sauran mata, kada a mai da 'yar'uwar da abin ya faɗa wa abin tsegumi a gidan suna, ana cewa wa ya sani ko da bakinta. Surar nan dai ta Hujurat, a aya ta 12, ta hana mu mugun zato. Wadda ta tura kuɗi ba ta kira ba, ita ma ba ta yi binciken ba, don haka a zauna a sasanta asarar cikin mutunci.