WUTAR MURHUNKI AMANA CE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya hore mana wuta muke dafa abinci da ita. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwata Musulma. Nasiharmu ta wannan fitowa a kan aikin da kike yi ne kullum safe da yamma, wato hura wuta. Da yawanmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, sai ranar da itace ya ƙare, yara na kukan yunwa. Alhali a Suratul Waƙi'a, aya ta 71 zuwa 73, Allah (SWT) ya ja hankalinmu ga wutar da muke kunnawa da bishiyar da take fitowa daga gare ta, ya nuna Shi ne ya halicce ta, ya sanya ta abin tunatarwa da abin amfani. Uwar Muminai Nana A'isha (RA) ta ba da labari, a hadisin Bukhari da Muslim, cewa akan yi wata biyu ba a hura wuta a gidajen Manzon Allah (SAW) ba, dabino da ruwa ne abincinsu. Ke da hayaƙi ke tashi a gidanki kullum, ki gode wa Allah. Ki kuma sani duk ni'ima akwai tambaya a kanta ranar gobe ƙiyama.

HALIN DA MUKE CIKI

Allah ya albarkaci Nijeriya da man fetur da iskar gas. Wutar lantarkinmu ma mafi yawanta da gas ake samar da ita, saura kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Duk da haka, yawancin gidajen ƙasar nan da itace da gawayi suke girki. An janye tallafin kananzir a 2016, na fetur kuma aka janye shi ranar 29 ga Mayu, 2023. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin komai ya bi shi, mata da yawa suka jingine risho suka koma murhu.

Hukuma na da nata shirin. A 2021, a taron sauyin yanayi na Glasgow da ke Birtaniya, Nijeriya ta yi alƙawarin shawo kan hayaƙin da ke ɗumama duniya nan da 2060. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. A 2023 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai megawat 10, a Challawa. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki da makamashi mai tsafta. Muna roƙon Allah ya sa su amfani talaka. Amma ke da ke Ɗambatta ko Makoɗa ko Kunchi ko Bichi ko Tsanyawa, tuwon daren yau ba zai jira bututu ba. Akwai abin da ke hannunki tun yanzu, kuma a kansa za a tambaye ki. Manzon Allah (SAW) ya bayyana, a hadisin Ibn Umar, cewa mace makiyayiya ce a gidan mijinta, kuma abar tambaya ce a kan kiwonta.

HAƘƘIN JIKINKI DA 'YA'YANKI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Yana jawo ciwon huhu da na zuciya, yana lalata ido. Ki duba yadda bangon ɗakin girkinki ya yi baƙi ƙirin. Abin da ya shafe bangon nan shi kike shaƙa, shi kuma jaririn da ke goye a bayanki yake shaƙa. Shari'a ta hana cutar da kai da cutar da wani, kuma rigakafi ya fi magani.

Don haka ki yi girki a inda iska ke shiga tana fita. Ki sauke goyo ki ba wata ta riƙe miki kafin ki durƙusa gaban murhu. Ki shanya itace ya bushe, domin ɗanyen itace hayaƙi ne kawai. Don Allah ki daina hura wuta da leda ko tsohon silifas, hayaƙinsu guba ne. In hunturu ya shigo, kada ki shiga da kaskon gawayi ɗaki ki rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum yana barci, haka ma hayaƙin janareto. Abu Musa (RA) ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Annabi (SAW) ya yi gargaɗi cewa wuta maƙiyiya ce, a riƙa kashe ta lokacin kwanciya. Mai tukunyar gas kuma ta rufe ta da zarar ta gama, in ta ji warin gas ta buɗe taga, kada ta ƙyasta ashana.

HAƘƘIN DUKIYAR GIDA

A Suratul A'araf, aya ta 31, Allah ya halatta mana ci da sha, ya hana mu almubazzaranci. Hanin ya haɗa da itace. Murhun duwatsu uku a fili, iska na kaɗa harshen wutar, mafi yawan zafinsa a banza yake tafiya. Ki kewaye shi da laka ki bar ƙofa ɗaya, ko ki nemi murhu mai tsimin itace. Ki haɗa kayan miya kafin ki hura wuta. Ki jiƙa wake tun da wuri, ki rufe tukunya, in kin sauke ki zare itacen ki kashe. Ke da abokiyar zamanki, ko matan gida ɗaya, me zai hana ku ɗora ruwan wankan yara a wuta ɗaya? Kuɗin adashin da muke zubawa don ankon biki, zagaye ɗaya ya isa sayen murhu mai kyau ko fitilar sola, yara su yi tilawa da dare ba tare da hayaƙin aci-bal-bal ba.

Sannan ki san haƙƙinki. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil, sun lissafa itace tare da ruwa da mai da gishiri cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji, gwargwadon halinsa. Ba daidai ba ne maigida ya auno hatsi ya fice, ya bar ki da neman abin dafawa, har a hana yarinya zuwa makaranta don ta tafi tsintar kara. Ki tuna masa da lafazi mai daɗi, a lokacin da ya dace, ba a gaban yara ba. In yana da hali, ki nuna masa gas ko murhun zamani ya fi kuɗin asibiti sauƙi.

HAƘƘIN ƘASA DA NA BAYA

A karkarar arewacin Kano gona na manne da gona, babu sauran dajin da za a shiga a saro itace. Abin da muke ƙonawa daga bishiyoyin gona yake, sai kara da kashin shanu, waɗanda da an bar su abincin dabba ne da taki. Iyayenmu sun san haka. Wani bincike kan itacen girki a Kano da aka wallafa a 1990, wanda Farfesa Michael Mortimore da ya koyar a Jami'ar Bayero yana cikin marubutansa, ya nuna manoman kewayen Kano suna tattalin bishiyoyin gonakinsu duk da yawan jama'a. Reshe suke sarewa su bar uwar. Ki dubi gawo, yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'ya da inuwa. Ɗorawa ta ba ki daddawa, kuka ta ba ki miya, tsamiya ta ba ki kunu. In aka kayar da ɗorawa don kuɗin gawayi, an ci na wata guda an rasa na shekara da shekaru. Sayyidina Abubakar (RA) ko a fagen yaƙi ya hana rundunarsa sare bishiya mai 'ya'ya, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imam Malik. To ina ga lokacin zaman lafiya?

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram a Nijar sun ga hamada ido da ido. Tun daga shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture a gona, su zaɓi rassa masu ƙarfi su rena, su sare saura su yi girki. An ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo ta wannan hanya, matansu suka samu itace kusa da gida. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ki shawarci maigida ya bar toho a gona. Ke kuma ki dasa darbejiya ko zogale ko mangwaro a gida, ki riƙa ba shi ruwan alwala. Anas (RA) ya ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa Musulmin da ya yi dashe ko shuka, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga ciki sadaka ce gare shi. Ga lada har cikin kulle, ba sai kin fita ko'ina ba.

'Yar'uwa, ki kai wannan magana Islamiyyarku da taron ƙungiya na unguwarku, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gobe da asuba in kin durƙusa za ki hura wuta, ki yi bismillah, ki tuna amanar da ke hannunki.

Allah ya sa wa murhunmu albarka, ya ba mazajenmu abin ciyar da mu ta hanyar halal, ya tsare mu da zuriyarmu daga gobarar duniya da wutar lahira. Amin.